Sa Ido Kan Shafukan Hulɗa Na Intanet: Darasi Daga Tuntuɓen HealthCare.gov

A ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2013, gwamnatin tarayyar Amurka ta buɗe wani shafin intanet mai suna HealthCare.gov, domin 'yan ƙasar su sayi inshorar kiwon lafiya a ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a shekarar 2010. Miliyoyin mutane suka yi wa shafin tsinke, amma wasu takardun cikin gida da wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya fitar daga baya sun nuna cewa mutum shida ne kacal suka samu kammala rajista a ranar farko.

Kamfanoni 'yan kwangila kimanin 55 ne suka yi aikin, kowanne da ɓangaren da aka ba shi. Da al'amari ya lalace, gwamnati ta naɗa Jeffrey Zients ya shugabanci gyara, aka kuma gayyato wasu injiniyoyi daga kamfanoni masu zaman kansu, cikinsu har da Mikey Dickerson na kamfanin Google. Abin da ya fi ɗaure wa waɗannan injiniyoyi kai shi ne, sun tarar babu wani allo guda da mutum zai duba ya san ko shafin yana aiki ko ba ya yi. Dickerson ya sha ba da labarin cewa a lokacin ma'aikata sukan kalli tashar talabijin ta CNN ne domin su ji ko shafin nasu ya sake faɗuwa. Saboda haka aikin farko da suka yi shi ne kafa hanyar sa ido, kafin su taɓa gyaran komai.

Wannan darasi ya shafi duk wata ma'aikata da ke hulɗa da jama'a ta intanet, ko banki ne, ko kamfanin jirgin sama, ko hukumar karɓar haraji, domin kuwa shafin nan ko manhajar nan ta waya ita ce kantar da abokin ciniki ke tsayawa a gabanta. Bambancin kawai shi ne, a kanta ta zahiri manaja yakan ga layi ya yi tsawo, ya ji hayaniyar masu ƙorafi. A intanet kuwa mutum dubu goma za su iya gwadawa su gaji su tafi ba tare da kowa a ofis ya ji motsinsu ba.

Abubuwa huɗu da ake aunawa

A wani littafi da injiniyoyin Google suka wallafa a shekarar 2016 kan yadda suke kula da na'urorinsu, sun taƙaita abin da ya wajaba a auna zuwa alamomi huɗu. Akwai jinkiri, wato tsawon lokacin da shafi ke ɗauka kafin ya amsa buƙatar mutum. Akwai yawan buƙatun da ke shigowa a kowace daƙiƙa. Akwai yawan kurakurai, wato kason buƙatun da ba su yi nasara ba. Na huɗu kuma shi ne cikar na'ura, wato iyakar abin da ya saura wa manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin na ƙarfi da wurin ajiya kafin kaya su yi musu yawa. Ukun farko suna nuna halin da ake ciki ne, na huɗun kuwa yana nuna halin da za a shiga nan ba da jimawa ba.

Wajen auna jinkiri ne aka fi ruɗin kai, kuma matsakaicin lissafi ne ke jawo haka. Alal misali, a ce mutum 100 sun aika kuɗi ta manhajar wani banki, 95 daga cikinsu an amsa musu cikin daƙiƙa ɗaya, sauran biyar ɗin kuwa sai da kowannensu ya jira daƙiƙa 40. Idan aka tara aka raba, za a sami matsakaicin jinkiri na ƙasa da daƙiƙa uku, kuma rahoton da za a kai wa hukumar daraktoci zai ce komai lafiya. Amma bankin da ke da masu hulɗa miliyan ɗaya a rana, biyar cikin ɗari na nufin mutum dubu hamsin da ransu ya ɓaci. Wannan ne ya sa masana suka fi son a tambayi tsawon jiran da mutum ɗaya cikin ɗari mafi rashin sa'a ya yi. Sau da yawa ma waɗannan 'yan tsiraru su ne manyan abokan ciniki, domin asusun da ya fi yawan shige da fice shi ne ya fi nauyin buɗewa.

Kuskure ma iri biyu ne. Akwai wanda na'ura ke sheda shi da kanta, kamar lambar 500 da babbar kwamfuta ke mayarwa idan ta gaza. Akwai kuma wanda ya fi haɗari, inda na'ura za ta ce aiki ya kammala alhali an cire kuɗi daga asusun mai aikawa, mai karɓa kuwa bai ga alat ba. Irin wannan ba a gano shi sai idan ma'aikatar tana auna sakamakon da abokin ciniki ya zo nema. Shi ya sa ake kafa wata ƙaramar manhaja da za ta riƙa kwaikwayon mutum, ta shiga shafin daga waje bayan kowane minti ɗaya ko biyu, ta yi ciniki na gwaji, ta kawo rahoto. Lafiyar na'ura daban, biyan buƙatar mai hulɗa daban.

Lissafin ɗorewa

'Yan kasuwa da ke sa hannu kan yarjejeniya da kamfanonin fasaha sukan ga an rubuta alkawarin cewa shafi zai yi aiki kashi 99 ko kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. A ido, bambancin ba shi da yawa. A lissafi kuwa, kashi 99 ya yarda shafi ya mutu na fiye da kwana uku da rabi a shekara, kashi 99.9 ya rage shi zuwa awa takwas da kusan minti 46, wato kamar minti 43 a wata, kashi 99.99 kuma bai wuce minti 53 a shekara ba. Kowace tara da aka ƙara tana zuwa da tsadarta, saboda sai an ninka na'urori, da layukan sadarwa, da injinan wuta, da ma'aikatan dare.

Daga nan ne aka fito da dabarar da ake kira kasafin kuskure. Ma'aikata za ta yanke matsayin da take son cimma, ta ɗauki abin da ya rage a matsayin kasafi da aka yarda a kashe. Muddin kasafin watan bai ƙare ba, masu rubuta manhaja suna da izinin fitar da sababbin abubuwa. Da zarar ya ƙare, sai a dakatar da sabon aiki a koma gyara. Amfanin wannan tsari ya fi ƙarfi a wajen mulki, domin yana kashe daɗaɗɗiyar gardamar da ke tsakanin sashen kasuwanci mai son sauri da sashen fasaha mai tsoron ɓarna, tun da kowa ya amince da alƙaluman tun farko.

Sai dai babu shafin da ke tsaye shi kaɗai. Kuɗin da wani ɗan kasuwa ya aika daga Legas zuwa wani banki dabam yakan bi ta layin kamfanin waya, ya shiga na'urorin bankinsa, ya ratsa tsarin biya nan take na kamfanin NIBSS wanda aka fara a shekarar 2011, sa'an nan ya isa bankin mai karɓa. Idan sassa uku ne a jere kuma kowanne yana aiki kashi 99.9, jimillarsu takan sauko zuwa kusan kashi 99.7, wato kamar awa 26 na tangarɗa a shekara, kuma kowane sashe zai iya rantsuwa cewa ya cika alkawarinsa. An ga nauyin wannan sarƙa a farkon shekarar 2023, sa'ad da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira ya tura jama'a ga manhajojin bankuna, aika kuɗi ya yi ta maƙalewa. An sake gani a ranar 14 ga watan Maris na 2024, lokacin da wasu manyan wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin intanet da na wasu bankuna suka tsaya cik a ƙasashe da dama, har da Nijeriya.

Maganin da aka samo shi ne bin sawu. Ana ba kowace buƙata lambar shaida tun daga shigowarta, kuma duk sashen da ta ratsa zai rubuta lambar da lokacin da ta ɓata a wurinsa. Idan mutum ya kawo ƙara, lambar nan za ta nuna daidai inda kuɗinsa ya tsaya. Wannan ba ya yiwuwa sai sassan ma'aikata sun yarda da tsarin rubutu guda da agogo guda. Tun shekarar 2019 aka kafa wani tsari na bai ɗaya mai suna OpenTelemetry domin wannan manufa, akwai kuma manhajoji na kyauta irin su Prometheus da Grafana, da na kuɗi irin su New Relic, wadda masu gyaran HealthCare.gov suka yi amfani da ita. Samun kayan aiki dai ba shi ne mai wuya ba. Abin da za a kiyaye shi ne, kundin da na'ura ke rubutawa yakan kwashi sunaye da lambobin asusu idan ba a tace shi ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan ma'aikatar da ta tara su.

Ƙararrawar da ba ta da mai ita

Aunawa ba ta da amfani idan babu wanda aka ɗora wa alhakin tashi tsaye. Babu misalin da ya kai na kamfanin Knight Capital, wanda a zamaninsa yana cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka. A ƙarshen watan Yuli na 2012 kamfanin ya sanya sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa guda takwas, amma aka manta da ɗaya. Da safiyar 1 ga watan Agusta, kafin a buɗe kasuwa, na'urorin kamfanin suka aika wa wasu ma'aikata saƙonnin imel har 97 masu nuna akwai matsala. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya gano cewa ba a tsara waɗannan saƙonni a matsayin gargaɗin gaggawa ba, kuma ma'aikata ba su saba duba su ba. Da aka buɗe kasuwa, kwamfutar da aka manta ta yi ta aika odar saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa, cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440 a bisa lissafinsa. A shekarar 2013 hukumar ta ci shi tarar dala miliyan 12, a wannan shekarar kuma aka haɗe shi da kamfanin Getco.

Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ma'aikacin da wayarsa ke ƙara sau hamsin a dare kan abin da bai taka kara ya karya ba, ranar da gobarar gaske ta tashi ba zai waiwaya ba. Ƙa'idar da gogaggu suke bi ita ce kada a tashi mutum daga barci sai abin ya taɓa masu hulɗa ko yana gab da taɓa su, kuma kowace ƙararrawa ta kasance da sunan wanda ke bakin aiki, da wanda za a kira idan bai amsa ba, da rubutaccen matakin farko da zai ɗauka.

Wajibi ne kuma mai gadi ya zauna a wajen gidan da yake gadi. A ranar 28 ga watan Fabrairu na 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubuta umarni, rumbun ajiyar bayanai na kamfanin mai suna S3 ya tsaya na kusan awa huɗu a ɗaya daga cikin manyan yankunansa. Shafin da aka tanada domin sanar da abokan ciniki halin da ake ciki shi ma ya dogara ne da wannan rumbu, saboda haka ya ci gaba da nuna lafiya lau, sai ta Twitter kamfanin ya riƙa ba da sanarwa. Haka ya faru ga Facebook a ranar 4 ga watan Oktoba na 2021, inda tangarɗar kusan awa shida ta tafi da WhatsApp da Instagram, ta haɗa da kayan binciken da injiniyoyin kamfanin za su yi amfani da su, har sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin na'urori.

Yadda aka ceto HealthCare.gov

Bayan an kafa allon lura, masu gyaran sun tara wakilan 'yan kwangila a wata cibiya guda a garin Columbia na jihar Maryland, inda kowa ke kallon alƙaluma iri ɗaya. Ana taro sau biyu a rana, a tsaye, kuma an hana nuna wa juna yatsa. Wanda ya fi sanin matsala shi ke magana, ko da ba shi ne babba a muƙami ba. Wannan doka ta hana zargi ita ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce ta fi wuyar kafawa, domin ma'aikacin da ya san za a kore shi idan ya faɗi kuskurensa zai ɓoye shi ne har ya sake faruwa.

A ranar 1 ga watan Disamba na 2013, gwamnati ta fitar da rahoton ci gaba. Lokacin da shafin ke aiki ya tashi daga kimanin kashi 43 cikin ɗari a farkon Nuwamba zuwa sama da kashi 90. Jinkirin buɗe shafi ya sauko daga daƙiƙa takwas zuwa ƙasa da ɗaya, kurakurai kuma daga kusan kashi shida zuwa ƙasa da kashi ɗaya, bayan an yi gyare-gyare fiye da 400. Ya zuwa watan Afrilu na 2014, mutum miliyan takwas sun yi rajista ta wannan shafi da makamantansa na jihohi. A wannan watan ne sakatariyar kiwon lafiya, Kathleen Sebelius, ta sanar da ajiye muƙaminta, a watan Agusta kuma fadar shugaban ƙasa ta kafa wani sabon ofishi na kula da ayyukan gwamnati na intanet, ta naɗa Dickerson ya shugabance shi.