Kalmomin Fannu: Ma'aunin Saƙon Jijiyoyin Jini

1.0 Gabatarwa

A kemis-kemis na Fagge da Sabon Gari ana auna hawan jini da sukarin jini kullum, amma galibi da Turanci ake bayyana sakamakon. Majinyacin da bai fahimci abin da aka gaya masa ba yana iya barin magani ciwon ya ci ƙarfinsa. Wannan darasi zai nuna yadda malamin Hausa zai samar da kalmomin bayyana irin wannan ilimi.

2.0 Saƙon Jijiya

Cikin kowace jijiyar jini shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu fitar da wata iska da ake kira naitirik oksaid. Wannan iska ita ke sa tsokar jijiya ta saki, hanya ta buɗe, jini ya gudana cikin sauƙi. Idan ta yi ƙaranci sai jijiya ta tsuke, wanda hakan na da alaƙa da hawan jini. Robert Furchgott ne ya fara gano aikin waɗannan ƙwayoyi a 1980, kuma a 1998 aka ba shi kyautar Nobel tare da Louis Ignarro da Ferid Murad.

3.0 Ma'auni Mai Lanƙwasuwa

Iskar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi kafin ta ɓace, don haka dole a auna ta a inda take fita. Masana suna ɗora siririn ƙarfe kan roba mai laushi. Da iskar ta taɓa shi sai ya ba da ƙaramar lantarki daidai da yawanta. Ana buƙatar laushin ne saboda jijiya tana miƙewa da kowane bugun zuciya. Yawancin irin wannan ma'auni yana matakin bincike tukuna.

4.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

(a) Aro da Hausantarwa: naitirik oksaid.
(b) Faɗaɗa ma'ana: "saƙo" ta tashi daga aike tsakanin mutane zuwa sinadarin da ke isar da umarni.
(c) Siffantawa: shimfiɗar cikin jijiya.

5.0 Jinga

1. Wace hanya aka bi wajen samar da "hawan jini"?
2. A tattaro kalmomi 10 da masu kemis ke amfani da su a Sabon Gari, a rarraba su bisa hanyoyin nan 3.