Darasi: Soja da Yaro Mai Riƙe da Bindiga

'Yan'uwa, a cikinmu akwai iyayen sojoji da matansu, saboda haka darasin nan ya shafi gidajenmu. Me soja zai yi idan wanda ya auna shi da bindiga yaro ne ɗan shekara 12?

Sojojin Nijeriya da suka shiga Laberiya ƙarƙashin ECOMOG a 1990 sun gamu da wannan, gama Charles Taylor yana da rundunar ƙananan yara. A watan Agusta na 2000 kuma, a ƙasar Saliyo, 'yan tawayen West Side Boys suka kama sojojin Ingila 11. An ce shugaban sojojin ya ƙi ba da umarnin harbi domin ya ga yara cikin waɗanda suka kewaye su. Sai da aka aika wata runduna ran 10 ga Satumba ta ƙwato waɗanda suka rage a hannu, aka kuwa zubar da jini mai yawa. Tausayin mutumin nan abin yabo ne, amma ba a shirya shi domin wannan rana ba.

Janar Roméo Dallaire, wanda ya shugabanci sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a 1994, ya daɗe yana roƙo a gyara wannan. A 2017 ƙasarsa Kanada ta zama ta fari da ta rubuta wa sojojinta ƙa'ida a kan gamuwa da yara mayaƙa. Ƙa'idar ba ta ɓoye gaskiya mai ɗaci ba: harsashin yaro yana kisa kamar na babba, soja kuwa yana da ikon kare ransa. Amma yaron nan an sato shi ne, ko an ruɗe shi, sau da yawa an ɗura masa ƙwaya. Don haka masu horarwa suna koya wa soja ya nemi babban da yake tura yaran, gama idan ya fāɗi sukan watse. Ya bar musu hanyar gudu. Ya yi musu magana su ajiye makami tun abin bai kai ga harbi ba.

Idan an kama yaro, ba a haɗa shi da manyan fursunoni. A 2022 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaran da sojoji suka kama za a miƙa su ga hukumomin farar hula, maimakon a tsare su a bariki.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Sojan da ya harbi yaro, ko da bisa doka ne, yakan dawo gida ba barci, ya kasa duban 'ya'yansa. Horarwa ta gari tana faɗa masa wannan tun kafin ya tafi, ta kuma tanada masa likita da limamin soja. Idan ya dawo ya yi shiru, kada mu matsa masa da tambayar mutum nawa ya kashe.