Darasi: Mutumin Kirki da Gizo

'Yan'uwa, kakanninmu ba su koyar da hali da dogon bayani ba. Sukan nuna wa yaro wani dattijo, su ce ya bi sawunsa. Shi ne mutumin kirki. A shekara ta 1974 Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari a kansa, ya lissafa halayensa 10, cikinsu har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da karamci.

A ƙasar Boɗinga ba sai an je nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa yana karantarwa har 1815. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya rasu a 2018, malamin makaranta ne kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma sauƙin kansa ake tunawa.

Amma akwai Gizo. A tatsuniya yakan ci da wayo, wani lokaci asirinsa ya tonu, yara su yi dariya. Abin baƙin ciki, yau yaro yana ganin mai halin Gizo cikin mota, maroƙa na yi masa kirari.

A taron Zumuntar Mata na wannan mako, kowace uwa ta faɗi wanda take nuna wa 'ya'yanta, da dalilinta.