Yadda Za Ka Rage Ƙananan Karce a Fentin Mota, da Taimakon Fitilar Wayarka

Da daddare, ka kunna fitilar wayarka ka haska bonet ɗin motar gidanku, musamman in baƙa ce. Za ka ga wasu siraran layuka sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Ƙananan karce ne, kuma su ne ke sa fenti ya dusashe ko da an wanke motar tas. Mai sayen mota da ya san kan abin, irin wannan dubawar yake yi kafin ya taya.

Daga ina suke zuwa?

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. A can sama akwai wani siririn rufi garai-garai wanda masu fenti ke kira kiliya, kaurinsa kusan maikiron 40 zuwa 50, wato bai kai kaurin yawancin gashin kai ba. Ƙurar da ke sauka a kansa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi shi tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka share mota da busasshen tsumma, musamman da hunturu, yashin ne ake gurzawa a jikin kiliyar. Karcen yana tafiya ta kowace fuska, hasken da ke fitowa daga wuri ɗaya ne ke sa ido ya gan shi kamar zobe.

Kayan da kake buƙata

Bokiti biyu, sabulun wankin mota na musamman, tawul ɗin maikirofaiba guda huɗu ko biyar, ƙaramin soso mai laushi, da man kaki, wanda a shaguna ake kira waks. Ka guji garin sabulun wanki da na wanke-wanke, domin suna cire kakin da ke kare fenti.

Matakan aikin

1. Ka ajiye motar a inuwa, ka bari jikinta ya huce. A kan ƙarfe mai zafi, sabulu da kaki suna bushewa nan take su bar tabo.

2. Ka fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa fentin, don yashin ya sauka da kansa.

3. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. Bayan kowane sashe, ka ɗauraye tawul ɗin a ruwan ɗauraya kafin ka mayar da shi cikin kumfa. Tayoyi su zo ƙarshe, da tsummansu daban. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki sai an wanke shi.

4. Ka busar da motar ta hanyar shimfiɗa tawul kana dannawa a hankali, ba gurzawa ba.

5. Ka lakaci kaki kaɗan a soso, ka shafa siriri a sashe ɗaya, misali ƙofa guda, kana bin layi miƙaƙƙe. Yawan kaki ba ya ƙara sheƙi, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Kada ya taɓa baƙar roba, yana barin farin tabo.

6. Ka jira ya yi hazo-hazo. Ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi, in ya yi maiƙo, ka ƙara jira. Sai ka goge da sabon tawul, kana juya shi zuwa gefen da bai ɓaci ba.

Abin da kaki ba zai yi ba

Kaki ba ya cire karce, cike ramukan yake yi har haske ya daina kama bakinsu. Irin na kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Burazil, yakan yi wata ɗaya zuwa uku, kuma zafin rana na rage masa kwana. In ruwa ya daina dunƙulewa a jikin motar, lokacin sake shafawa ya yi.

Mai cire karce shi ne folish, domin yana cin kiliyar kaɗan har ta daidaita. Saboda haka kada ka mayar da shi aikin kowane wata, kiliyar da aka cinye ba ta dawowa. Karcen da farcenka ke maƙalewa a ciki kuwa ya wuce aikin hannu, sai mai fenti.

Kafin ka fara, ka ɗauki hoton wuri guda da fitila a kunne. Bayan ka gama, ka sake ɗauka daga daidai wannan kusurwar. Hotunan biyu za su nuna maka ko aikin ya yi, da kuma sashen da ya kamata ka koma.