Mu san ƙasarmu: hanyar Dutsen Termit

Da yawa daga cikinmu nan Difa ba mu taɓa ganin babban dutse ba. Mun saba da rairayi da bakin kogi. Amma a arewa da mu, a iyakar jiharmu da ta Damagaram, akwai Dutsen Termit. Yau can za mu.

Mota ta tashi daga Difa da sassafe, ta nufi yamma bisa kwalta, hanyar ƙasa mai lamba 1. Kogin Komadugu yana hannun hagu, shi ne iyakarmu da Najeriya. Nan ne gonakin tattasai suke. Tun shekarar 2015 rashin tsaro ya kori mutane da yawa daga bakin kogin, wasu suka kafa bukkoki a gefen wannan titi.

A wuce Shetimari, a wuce Maine-Sorowa. Wajen Gudumariya sai tuddan rairayi, da kwaruruka masu goruba da dabino da kanwa. Daga Difa zuwa Gure kamar kilomita 300 ne. A Gure ake barin kwalta, a yi arewa ta Kelle zuwa Taskar. Daga nan ba titi, sai sawun mota. Direba yakan rage iskar taya don kada mota ta kafe. Ba a shiga ba ɗan jagora. Tubawa da Larabawa masu raƙuma su suka san rijiyoyin wurin.

Dutsen baƙi ne, ya miƙe kudu da arewa, tsayinsa ya ɗara mita 700. Rairayi ya hau jikinsa har wuya. Idan rana ta yi kusa da faɗuwa, rairayin yakan yi ja, dutsen ya ƙara duhu. Mota tana bin kwazazzabai a hankali. Wanda ya tsaya ya kashe inji ba abin da zai ji sai iska. Gabas da shi hamadar Tin Tumma ce. Daga gindinsa kuma busasshen kwarin Diliya ya gangara wajen Tafkin Cadi.

Ruwan sama kaɗan ne a can, wata shekara ko milimita 100 ba a samu. Duk da haka akwai namun daji: barewa, ragon dutse, yanyawa, kunkuru da tuji. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, Turawa suna ce mata adakis. Takan daɗe ƙwarai ba ta sha ruwa ba, ciyawa ta ishe ta.

Saboda waɗannan dabbobi gwamnati ta keɓe wurin a shekarar 2012, ya zama gandun daji na Termit da Tin Tumma, murabba'in kilomita 97,000. An hana farauta. Amma motocin aikin man fetur na Agadem da mafarauta masu bindiga sun firgita namun. A ƙidayar da aka yi a 2016, adakis 3 kaɗai aka gani. Uku! A 2019 aka canza iyakar gandun saboda aikin mai, a 2021 aka sake gyara ta. Dabbar da aka bi da mota, ko ba a harbe ta ba, gudun kaɗai yana iya kashe ta.

Lokacin ɗari ya fi dacewa da tafiyar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fara neman izinin hukuma da na ma'aikatan daji, a tambayi halin tsaro. Mota biyu ake tafiya, ba ɗaya ba.

Yanzu a ɗauko alli. Mutum 5 za su yi kwana 6, kowa yana bukatar ruwa lita 10 a rana. Jarka guda tana cin lita 20. Jarka nawa za su ɗora a mota? A kawo wa malami amsa a aji na gaba.