"Redact": Kalmar da Baƙon Turai Zai Ci Karo da Ita

Bahaushen da ya sauka Ingila ko Amurka ba ya daɗewa sai ya ji kalmar "redact". Dillalin gidan haya zai nemi takardar bayanan asusunsa na banki, ya ƙara da cewa ba laifi a yi mata "redact". Nufinsa a bi da baƙin layi a rufe abin da babu ruwansa da shi: lambar asusu, kuɗin cefanen da aka aika gida, sayayyar kantin magani. A bar masa suna da adireshi da albashi.

Tushen kalmar Latin ne, "redigere", wato mayar da abu cikin tsari, kuma Turawan Ingila sun daɗe suna amfani da ita da ma'anar shirya rubutu don bugawa. Wanda ya yi boko a Maraɗi ko Damagaram ya san 'yar'uwarta ta Faransanci, "rédaction", insha'in da malami ke bayarwa a aji. A nan ake yin tuntuɓe. Ta Faransanci rubutawa take nufi, ta Turancin ofis da kotu kuwa yau ɓoyewa ce.

Rahoton binciken da Robert Mueller ya jagoranta a Amurka, mai shafi 448, wanda aka fitar a Afrilun 2019, ya ƙara yaɗa kalmar, domin wasu shafukansa kusan baƙi ƙirin suka fito. Amma abin dariyar ya riga shi da wata uku. A Janairun shekarar, lauyoyin Paul Manafort, ɗaya daga cikin waɗanda binciken ya shafa, sun miƙa wa kotu takarda ta PDF, sun ɗora baƙin layi a kan wasu sassa ba tare da goge rubutun da ke ƙasa ba. 'Yan jarida suka kwafe wurin, suka liƙa a sabon shafi, sai ga sirrin tsirara: Manafort ya ba wani abokin hulɗarsa, Konstantin Kilimnik, bayanan jin ra'ayin masu zaɓe. Manyan lauyoyi ke nan fa!

Don guje wa irin wannan kuskure, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a buga takardar, a rufe wurin da alƙalami mai kauri, a ɗauki hotonta a aika, bayan an duba cewa tawadar ba ta nuna komai.

Sai dai ba kowace takarda ake taɓawa ba. Wadda za ta je ofishin biza ko na shige da fice, a miƙa ta cikakkiya yadda banki ya bayar.