Zaɓin 'Yan Kallo a Shekarar 2000: Nazari a Kan Finafinan Sangaya da Wasila

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi finafinan Hausa biyu da suka fi tashe a shekarar 2000, wato Sangaya da Wasila, domin gano abin da ya jawo musu farin jini, da kuma tasirin wannan karɓuwa a kan masana'antar. Maƙalar ta nuna cewa zaɓin 'yan kallo a shekarar shi ya tsayar da salon da aka daɗe ana bi.

1.0 Gabatarwa

Shekara goma bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya tashi daga wasan ƙungiyoyi ya zama sana'a. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, shekarar da sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. A lokacin, kaset ɗin bidiyo ne babbar hanyar kallo, kuma dillalan Ƙofar Wambai da Bata a Kano ke rarraba shi. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na Kano, bidiyo ya kai fim ga matan aure a cikin gida, waɗanda al'ada ba ta ba su damar zuwa silima ba. Saboda haka, farin jinin fim ya dogara ga saye da haya da aro tsakanin maƙwabta fiye da cikar gidan silima.

2.0 Sangaya

Kamfanin Sarauniya na Kano ne ya shirya Sangaya, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a manyan matsayi. Jigonsa soyayya ce tsakanin ɗan sarki da yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta. Wannan zubi sananne ne a tatsuniya, inda wadda aka raina kan sami ɗaukaka a ƙarshe. Sai dai waƙa ce ta fi sayar da fim ɗin. An haɗa kiɗanta da fiyano, aka kwaikwayi amon kayan kiɗan gargajiya, ta yadda kunnen Bahaushe ya ji ta sabuwa kuma ta gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ɗauki fim ɗin a matsayin mararrabar da ta mayar da waƙa da rawa ginshiƙin kasuwar.

3.0 Wasila

Wasila ya fito daga Kaduna. Yakubu Lere ne ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, Ali Nuhu da Wasila Isma'il suka ja ragamar wasan. Jigonsa cin amanar aure ne da nadamar da ke biyo baya. Idan Sangaya ya ɗauki mai kallo zuwa fada, Wasila ya shigar da shi ɗakin ma'auratan zamani, ya taɓo abin da kunya ta saba rufewa. Shi ma waƙa ce ta ɗauki nauyin furta abin da ke zukatan taurarin.

4.0 Abin da Zaɓin ya Haifar

Abu na farko, masu shiryawa sun fahimci cewa waƙa ce ke jawo mai saye, don haka ta zama dole a kusan kowane fim. Na biyu, tauraro ya zama jari, sunansa a jikin fosta na iya sayar da kaset. Na uku, salon ya ƙara ƙarfin zargin kwaikwayon finafinan Indiya da gurɓata tarbiyya, musamman saboda rawar maza da mata tare.

Wannan zargi ya zo daidai da ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano a 2000. A watan Disamba na shekarar, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar. Ke nan, abin da ya faranta wa 'yan kallo yana cikin abubuwan da suka jawo takunkumi.

5.0 Kammalawa

Nazarin shekara guda ya nuna cewa 'yan kallo sun fi karkata ga labarin da ya haɗa tsohon zubi da sabon amo. Akwai buƙatar sassan Hausa na jami'o'i su tattara kaset-kaset ɗin wannan zamani su mayar da su cikin kwamfuta, domin zaren bidiyo yana lalacewa da zafi da ƙura. Idan suka salwanta, manazarci zai rasa matanin da zai kafa hujja da shi.